Yadda zaka fara tara katunan Jackie Robinson ba tare da ka sayi jabu ba

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya fara tara tsofaffin katunan besbol na Amurka, wato ƙananan kwalaye masu hoton 'yan wasan besbol, abu na farko da nake ce masa shine ya zaɓi ɗan wasa ɗaya ya tsaya a kansa, kada ya ce zai kama ko'ina, don kasuwar nan faɗi gareta kuma tana cin kuɗi ba kaɗan ba. In kuma ya ce to wa zai zaɓa, ni dai Jackie Robinson nake cewa. Dalilina biyu ne. Na ɗaya mutumin da kansa, na biyu kuma manyan katunansa da aka buga lokacin yana wasa guda takwas ne kacal, kaga kenan abu ne mai iyaka, zaka iya rubuta su a takarda ɗaya ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa ka kammala.

Mataki na farko ka san waye mutumin, don wallahi wanda bai san tarihinsa ba bazai gane dalilin da yasa ake rububin ɗan kwalin da bai kai tafin hannu ba. An haife shi 31 ga Janairu 1919 a wani gari da ake kira Cairo a jihar Jojiya, ya yi karatu a jami'ar UCLA, ya shiga soja lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1945 ya buga wa Kansas City Monarchs a gasar baƙar fata zalla, don a lokacin ba a yarda baƙar fata su shiga babbar gasa ba. Branch Rickey shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers ne ya ɗauke shi, ya tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal a 1946, sannan ranar 15 ga Afrilu 1947 ya fito filin Ebbets sanye da rigar Dodgers mai lamba 42, ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar a wannan zamanin. Zagi, barazanar kisa, otal su hana shi kwana tare da abokan wasansa, duk ya haɗiye ya ci gaba da wasa. A shekarar ya ci kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo, a 1949 ya zama gwarzon gasarsu, a 1955 suka ɗauki kofin World Series, wato na zakarun babbar gasar, a hannun ƙungiyar Yankees, ya ajiye wasa bayan kakar 1956. Ya rasu 24 ga Oktoba 1972 yana da shekara 53. A 1997 aka janye lamba 42 daga dukkan ƙungiyoyin babbar gasa, ba a sake ba wani sabo ba, kuma duk 15 ga Afrilu kowa a fili ita yake sakawa. Toh wannan ne yasa katinsa ba masu son besbol kaɗai ke nema ba, har masu tara kayan tarihin baƙar fatar Amurka suna cikin layi, shiyasa ba ya kwantai a kasuwa.

Mataki na biyu ka haddace katunan takwas, ka san shekara, kamfani, lamba da kama. Na farko na kamfanin Leaf ne na Chicago, lamba 79, bayan hotonsa rawaya, ana rubuta masa 1948 a kasuwa duk da da yawa daga masana sun tafi akan cewa a 1949 ya fita, shi ne akasari ake ɗauka a matsayin katinsa na farko kuma bugunsa ba shi da kyau tun asali, kala tana zamewa daga kan hoto, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Sai Bowman 1949 lamba 50, ɗan ƙarami, bayan hotonsa ja. Sai Bowman 1950 lamba 22, zanen fenti ne yana kaɗa sanda, kuma yana cikin lambobi 72 na farko na wannan shekarar waɗanda suka fi wuyar samu. A 1951 ba shi cikin Bowman, don haka in wani ya nuna maka Bowman 1951 na Jackie ka san da sake. Daga nan sai Topps: 1952 lamba 312, 1953 lamba 1, 1954 lamba 10, 1955 lamba 50, 1956 lamba 30. Shikenan. Babu na 1957 don ya riga ya bar wasa.

Bari in ɗan daɗe akan na Topps ɗin don a nan yawancin kuɗinka zai tafi. Na 1952, bayan hotonsa ja, yana ɗauke da sanda a kafaɗa, yana cikin rukunin ƙarshe na shekarar, lamba 311 zuwa 407, wanda ya fito a makare lokacin yara sun fara komawa kan ƙwallon ƙafar Amurka, bai sayu ba, kuma Sy Berger ma'aikacin Topps da ya tsara katunan ya sha ba da labarin yadda daga baya suka loda ragowar a jirgin ruwa aka zubar a teku. Maƙwabcinsa a lamba, wato 311, shi ne katin ɗan wasan Yankees Mickey Mantle da aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 12.6 a gwanjon Heritage a watan Agusta 2022. Na Jackie bai kai can ba amma ko wanda ya sha jiki sosai dubban daloli ne. Na 1953 zanen fuska ne mai kyau ƙwarai, a ganina ma ya fi duka kyau, sai dai da yake shi ne lamba 1 yaran lokacin suna jera katunansu bisa lamba su ɗaure da roba, shi ke sama, shi robar ke ci, ga baƙin akwatin sunan da ke ƙasa wanda ko ɗan gogewa kaɗan sai fari ya bayyana. Na 1954 a tsaye yake, bayan hotonsa rawaya, babbar fuska da ƙaramin hoto baƙi da fari a gefe, kuma kalar tana kaiwa har bakin sama babu farin gefe a can, kada ka ga haka ka zaci an yanke. Na 1955 da na 1956 a kwance suke. Na 1956 akwai mai farin kwali a baya akwai mai ruwan toka, duka na gaske ne.

Akwai wasu na gefe irin na burodin Bond Bread guda 13 baƙi da fari da aka fara rabawa a 1947, da Berk Ross na 1952, da Swell na 1948. Ka bar su tukuna. Musamman Bond Bread akwai ruɗani sosai akan wanne ne na cikin burodi wanne ne aka buga daban, sai idonka ya buɗe.

Mataki na uku, kuma shine ainihin shawarar da ta sa na zauna rubutun nan: ka fara daga ƙarshe ka yo baya. Kowa zuciyarsa na kan Leaf da Topps 1952, kuma nan ne 'yan damfara suka fi kafa tarko don nan kuɗin yake. Kai ka fara da 1956. Shi yafi yawa a kasuwa, kusan kullum akwai shi a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, mai matsakaicin jiki ɗaruruwan daloli ne ba dubbai ba, in ma ka yi kuskuren farashi asarar bata da yawa. Bayan shi 1955, sai 1954, sai 1953, kafin ka iso 1950 da 1949 ka riga ka riƙe tsohon kwali a hannu sau da yawa, ka san launinsa ka san kaurinsa, ka kalli ɗaruruwan hotuna, ka san wane mai sayarwa ne ke faɗin gaskiya. Da sannu ake hawa bishiya mai tsawo, kuma ba wanda ya sa maka ranar gamawa.

Mataki na huɗu ka fahimci maki. Akwai kamfanonin da aikinsu shine su duba kati su tabbatar na gaske ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin kwanson roba mai tauri da takardar shaida a sama mai ɗauke da lamba, 'yan kasuwar na kiran kwanson silab. Manyan su PSA wanda ya fara a 1991, da SGC mai baƙar shimfiɗa a cikin kwanso wanda masu tsofaffin katuna ke so sosai don kalar kati tana fitowa ras a ciki, sai Beckett da CGC. Abu huɗu suke dubawa, kusurwoyi, gefuna, fuskar katin wato ko akwai lanƙwasa ko tabo ko ƙarce, sai daidaiton hoto a tsakiya. Maki 1 ya sha wuya sosai, 3 kusurwoyi sun zagaye watakila da ɗan layin lanƙwasa, 5 yana da kyau a ido, daga 7 zuwa sama kuma a katin shekara saba'in sai masu hannu da shuni. Wani lokacin zaka ga babu lamba sai kalmar Authentic kaɗai, ko an ƙara Altered, ma'ana katin na gaske ne amma an taɓa shi, ko an rage gefe da reza ko an cike kala, wannan farashinsa ƙasa yake kuma sayar da shi daga baya da wahala. A PSA kuma wani lokacin bayan lamba akwai haruffa, OC hoto ya karkace, MK an yi rubutu a jiki, ST akwai tabo, MC an yanka ba daidai ba tun daga masana'anta. Kati mai 6 da OC ba farashin 6 zaka biya ba, ka lura.

Ni a ra'ayina sabon shiga ya tsaya tsakanin maki 2 da 4, kuma ya sayi wanda ke cikin silab kawai. Sannan ka duba katin da idonka kada ka tsaya ga lambar da ke sama. Zaka ga kati biyu duk maki 3, ɗaya lanƙwasar ta ratsa ta kan fuskar Jackie, ɗayan kuma fuskar tsaf, kala bata koɗe ba, hoto a tsakiya, matsalarsa kawai kusurwoyi ko wani ɗan tabo a baya da ba mai gani. Na biyun zaka ɗauka ko da ya ɗan fi tsada, don ranar da zaka sayar shi ne za a yi rububi, kuma kafin ranar kai ne zaka riƙa kallonsa.

Kada kuma ka ɗauka silab ya gama magana. Katin da PSA suka fara ba maki a tarihinsu, shahararren katin ɗan wasa Honus Wagner na tsohon rukunin da ake kira T206, daga baya dillalin da ya taɓa mallakarsa Bill Mastro ya amsa a kotu a 2013 cewa ya rage masa gefe. Kuma ana buga silab na jabu. Don haka duk katin da zaka saya ka ɗauki lambar shaidar ka shigar a shafin kamfanin, PSA da SGC duk suna da wurin bincike kyauta, ka ga shekara, suna da maki sun yi daidai, in akwai hoto a can ka gwada da wanda ake tallata maka, ɗan tabo da ɗan karkacewa duk su zo ɗaya. Ɓarayi kan kwafi lambar gaske su manna a kwanson ƙarya, shiyasa gwada hoton yafi duba lambar kaɗai muhimmanci. Ka kuma kalli gefen kwanson, in ya yi fari-fari kamar an ɓalle an sake mannewa ka haƙura da shi.

Mataki na biyar ka koyi gane jabu da hannunka, ko da silab kake saye, don wata rana zaka ci karo da wanda ba a rufe ba kuma farashin zai ja ka. Kayan aikin basu da tsada: gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo mai ninki goma, rula mai milimita, da tocila mai shuɗin hasken nan da ake duba takardar kuɗi da ita. Sai abu mafi amfani duka, ka sayi katin wani ɗan wasa da ba a san shi ba daga shekara ɗaya da kamfani ɗaya, misali Topps 1956 na wani da ba ya tsada, dala kaɗan ne, ba wanda zai ɓata lokaci ya yi jabunsa, shi zai zama ma'auninka. Ka sa shi ƙarƙashin gilashi ka ga yadda ɗigon kala suke jere a hoton, ka ga yadda baƙin rubutu yake a cike sumul babu ɗigo, to jabun da aka kwafa da na'ura zaka ga har rubutun ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo, ko hoton ya yi dishi-dishi. Ka kashe fitila ka haska tocilar, takardar zamani akasari tana ƙyalli da shuɗi saboda sinadarin da ake sa mata don ta yi fari, tsohon kwali kuwa baya yi. Sannan ka auna. Topps na 1952 zuwa 1956 inci 2 da 5/8 ne a inci 3 da 3/4, kusan santimita 6.7 a 9.5, sun fi katin zamani girma wanda shi inci 2 da rabi ne a 3 da rabi tun 1957. Leaf inci 2 da 3/8 a 2 da 7/8, Bowman na 1949 da 1950 inci 2 da 1/16 a 2 da rabi. In kati ya gaza ma'auni amma kusurwoyinsa kaifi kamar jiya aka buga, an yanke shi. In kuma duk kusurwoyi huɗu sun zagaye iri ɗaya sak, kwalin ya yi ruwan ƙasa ko'ina daidai wa daida, to tsufan ƙarya ne, da shayi ko kofi ake jiƙa shi a goge kusurwa. Tsufan gaske baya zuwa daidai, wani gefen yafi wani cin wuya.

Wani abin da ke rikita sabbi shine Topps da kansu sun sake buga tsofaffin katunansu, a 1983 sun sake na 1952, a 1991 na 1953, a 1994 na 1954, a 1995 kuma suka fitar da na Brooklyn Dodgers. Waɗannan ba jabu bane, halal ɗinsu ake sayarwa da arha, girmansu na zamani ne kuma a baya akwai rubutun da ke nuna sabon bugu ne. Matsalar sai wani ya goge wurin ya tsufar da shi. Kuma a eBay in ka ga an rubuta RP ko reprint a can ƙarshen bayani, ko mai kaya yace wai a kayan kakansa ya tsinta shi bai san komai akan kati ba a saya yadda aka gani, ka wuce abinka. Wanda ke riƙe da Jackie na 1952 na gaske ya san hanyar PSA, ba zai bar dubban daloli a ƙasa don tausayinka ba.

Mataki na shida farashi. Kuɗin da mai kaya ya rubuta ba shine farashi ba, farashi shine abin da aka biya jiya da shekaranjiya. A eBay akwai wurin da zaka danna ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kaɗai, shafin 130point yana nuna ainihin kuɗin da aka karɓa in an yi ciniki a ɓoye, PSA ma suna da shafin sakamakon gwanjo kati-kati maki-maki, da wani shafin da ke nuna guda nawa suka taɓa ba kowane maki. Ka buɗe littafi ko ɗan tebur a waya, duk 1956 mai maki 3 da aka sayar ka rubuta rana da kuɗi da yadda yake a ido, ka yi haka na wasu makonni baka sayi komai ba. Da kanka zaka ga inda farashin ke yawo, ka ga wanda ya wuce sama saboda kyan tsakiya, ka ga wanda ya faɗi saboda lanƙwasa a fuska. Ka kuma tuna kasuwar ta yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021 lokacin korona sannan ta sauko, don haka tsohon farashin wancan lokacin ba abin dogaro bane. A tsakiyar Afrilu kuma ana yawan maganar Jackie saboda ranar tunawa da shi, ni nafi son in yi sayayya lokacin da hankalin mutane ke wani wurin.

Mataki na bakwai inda zaka saya. Ga ƙananan, eBay ya isa, amma ka duba tarihin mai sayarwa, ya daɗe yana sayar da tsofaffin katuna ko kuwa jiya yana sayar da takalma yau ya fito da Leaf, ka nemi hoton gaba da baya masu haske, in ya ƙi turo na baya ka barshi. Ga manyan kuma gidajen gwanjo sun fi kwanciyar hankali, Heritage da ke Dallas, Robert Edward Auctions, Goldin, Memory Lane, sai dai su akwai kuɗin gida da ake ɗorawa mai saye, kusan kashi 20 cikin ɗari ko sama da haka akan abin da ka taya, ga kuɗin aikawa ga haraji, don haka kafin gwanjo ya fara ka yi lissafi daga sama zuwa ƙasa, ka rubuta iyakar abin da zaka taya, in an wuce ka ka rufe waya ka kwanta. Wani zai fito, Jackie na 1956 ba guda ɗaya bane a duniya. Wanda ke zaune a Amurka ko yake zuwa, akwai babban taron masu tara kaya da ake kira National duk bazara tun 1980, da ƙananan kasuwannin kati a garuruwa, a can zaka riƙe kaya a hannu ka yi ciniki baki da baki, kuma tsofaffin dillalan in suka ga kana son koyo suna da sakin baki. Ciniki a Facebook ko Instagram da wanda baka sani ba yace ka tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su, wannan kam a'a.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka nisanta shine abin nan da ake yi kai tsaye a intanet, a tara kuɗin mutane a buɗe rufaffen kwali kowa ya jira abin da rabonsa zai faɗo. Ni a wurina caca ce, kuma ko ka ajiye wannan gefe, kuɗin da zaka zuba can wata uku da ka tara da ya saya maka kati ɗaya na gaske wanda ka gani ka zaɓa.

In kana Najeriya ko Nijar ko Gana, akwai ƙarin aiki. Da dala ake komai, sai ka tanadi katin banki da ke biya a waje, kuma masu sayarwa da yawa basa aikowa Afirka. Hanya mafi sauƙi ka samu ɗan uwa amintacce a can a aika gidansa, ya ajiye har mai zuwa ya taho maka da shi a jakar hannu ba cikin akwatin da ake jefawa ƙarƙashin jirgi ba. Harajin sayayya a Amurka ya danganta da jihar da aka kai kayan, jihohi irin Oregon da Delaware basa karɓa, shiyasa ma'ajiyoyin da kamfanonin kati ke buɗewa suke can, zaka iya saye a kai ma'ajiya a ajiye da sunanka har ka tara biyu ko uku a aiko gaba ɗaya. In dole sai an aiko, to da kamfanin da ke ba da lambar bibiya da inshora, kuma a sa hannu kafin a miƙa.

Mataki na takwas ajiya, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu bane. Kati kwali ne, maƙiyansa rana, laima da zafi. Rana tana cinye jan 1952 da rawayan 1954 a hankali baka lura ba, don haka kada ka jingina shi a taga ko ka rataye a falo inda haske ke dukansa. Silab yana kare shi daga hannu da lanƙwasa amma ba a yi shi don hana ruwa ko laima shiga ba, da damina sai ka sa su cikin akwati mai rufuwa gam da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa canza su, akwatin kuma a sama ba a ƙasa ba, nesa da bangon da ke tsattsafo da inda gara take. Da bazara kada ka barshi a mota ko ɗakin da kwano ke gasa shi. Da hunturu ƙura ce ke ƙarce fuskar roba, akwai 'yar leda da ake sa silab ɗin a ciki, ka saya. Wanda ba a rufe ba, irin ma'aunin nan naka, ka fara sa shi a leda mai laushi sannan cikin toploda, wato gidan roba mai tauri da ake zura kati ta sama, amma ka nemi masu girman tsofaffin katuna don na zamani sun yi wa Topps 1952 zuwa 1956 kaɗan, in ka tura da ƙarfi kai da kanka zaka murƙushe kusurwa. Banda ɗauri da roba, banda salatif, banda laminatin, wanda ya yi wa kati laminatin ya kashe shi har abada. Kuma kada ka ce zaka goge tabo ko ka danne lanƙwasa da dutsen guga, masu ba da maki suna ganewa su rubuta an taɓa.

Duk katin da ya shigo hannunka ka ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta lambar shaida, ranar saye, wurin wa, nawa ka biya har da kuɗin aikawa, ka ajiye kwafi a imel. Wani na gida ma ya san abin da ke cikin akwatin da darajarsa, don kada wata rana a ɗauka tarkacen takarda ne. Wannan rubutun zai yi maka amfani lokacin da kazo hawa mataki, don haka akasari ake yi, mutum ya sayar da 1956 ɗinsa mai maki 2 ya cika kuɗi ya ɗauki mai 4, ko ya haɗa biyu ya saki don ya kai ga Bowman 1949. In ka iso kan Topps 1952 da Leaf, ka tsaya ga PSA ko SGC kawai, daga gidan gwanjo ko dillalin da ka riga ka yi hulɗa da shi, ko da maki 1 ne indai fuskar ta fito kuma kalar na nan. A Leaf musamman ka ƙara girman hoton ka duba idanu da hular, ka tabbata kalar ta zauna akan zanen bata zame gefe ba, don guda biyu masu maki ɗaya zaka ga ɗaya fuskar tar ɗayan kamar an buga sau biyu, kuma mai fuska tar ɗin ya cancanci ka jira shi ko da zai kai shekara bai fito ba.